Yadda Nake Kare Kuɗin Aikina a Wurin Gini a Kalifoniya

Sana'ata shimfiɗa tayil, kuma a Sakramento nake yin ta, ni da yarana uku. Yawancin ayyukana a ƙarƙashin babban ɗan kwangila nake karɓarsu, wato mai gida ya ba shi aiki, shi kuma ya yanko mini ɓangaren ƙasa da banɗaki. A shekarata ta biyu na gama wa wani babban ɗan kwangila banɗakuna shida. Kullum na kira sai ya ce mai gida bai sake masa kuɗi ba, in ƙara haƙuri. Na yi haƙurin wata biyar. Ranar da na je wurin lauya, tambayarsa ta farko ita ce ko na aika sanarwar farko, wato takardar da ke sanar da mai gida cewa kana aiki a gininsa. Ban ma san da ita ba. Kuɗin suka nutse, kuma daga aljihuna na sallami yarana. Don kada hakan ta faɗa wa wani ɗan'uwa nake rubuta wannan.

Dokar Amurka ta ba wanda ya zuba gumi ko kaya a gini wani makami da suke kira liyen. Takarda ce da kake shigarwa a ofishin rajistar filaye na gunduma, ta manne wa gidan kansa, ta ce ana bin wannan gida bashi kaza. Da ita a kai, sayar da gidan ko karɓar rancen banki da shi sai ya yi wuya, kuma in tura ta kai bango kotu na iya sa a yi gwanjonsa a biya ka. Ƙarfinta shi ne ko mai gida ya riga ya biya babban ɗan kwangila, in kai ba a biya ka ba, haƙƙinka na nan a kan ginin. Abin ya samo asali tun 1791 a jihar Maryland, lokacin da ake neman magina su zo su gina birnin Washington. Sai dai kowace jiha da nata ƙa'idoji, kuma na Kalifoniya zan faɗa, don su nake aiki da su.

Komai yana farawa da sanarwar farko. Cikin kwana 20 da fara aiki ko kai kaya, ka aika ta ga mutum uku: mai gida, babban ɗan kwangila, da bankin da ya ba da rancen ginin idan akwai shi. A ciki za ka sa sunanka da adireshinka, wanda ya ɗauke ka, irin aikin, adireshin wurin, da ƙiyasin kuɗin. Ta wasiƙa mai rajista nake aika tawa, in adana rasit a fayil ɗin aikin. Idan ka makara kana iya aikawa, amma za ta kare aikin kwana 20 da suka gabace ta ne kawai da abin da ya biyo baya. Na kafin nan ya fita daga kariya.

A nan mutanenmu ke faɗuwa, kuma na san dalili domin ni ma shi ya kayar da ni. Muna ganin aika wa mutum takardar doka tun ba a ɓata ba kamar zarginsa ne da rashin amana. Ɗan'uwa, a nan ba haka suke kallonta ba. Kamfanonin da ke sayar da siminti da katako suna aika ta a kowane aiki, babu wanda ke ɓata rai. Ni har na lura waɗanda suka aika ake fara biya, domin mai gida ya san sunayensu, yana kuma tambayar ɗan kwangilarsa ko an sallame su. Kunyar marar kunya asara ce. Ranar da na sauke kayan aiki a wuri, a daren nake cike takardar.

Sai takardun yafe haƙƙi da ake ba ka ka sa hannu duk lokacin biya. Kalifoniya ta tsara iri huɗu: na biyan tsakiyar aiki da na biyan ƙarshe, kowanne da mai sharaɗi da marar sharaɗi. Mai sharaɗi ba ta aiki sai kuɗin sun shiga hannunka. Marar sharaɗi kuwa da ka sa hannu ka sallama haƙƙinka, ko an biya ka ko ba a biya ba, kuma an rubuta wannan gargaɗi a jikinta. Kada ka sa hannu a kanta don an miƙo maka cek. Bari sai banki ya tabbatar kuɗin sun zauna.

Idan ka gama aiki kuɗi suka ƙi fitowa, sai ka koma kan kalanda. Kana da kwana 90 daga kammala ginin baki ɗaya ka yi rajistar liyen. Amma idan mai gida ya yi rajistar sanarwar kammala aiki, wa'adin ƙaramin ɗan kwangila irina ya dawo kwana 30, na babba kuma 60. Saboda haka ba na jiran kowa. Idan kwana 30 suka wuce da gama nawa ɓangaren ban ga kuɗi ba, sai in rubuta wasiƙa ga ɗan kwangila, in aika wa mai gida kwafi, in ce nan da kwana 10 zan shigar da liyen. Sau da yawa wannan wasiƙar kaɗai ke fito da cek.

In ba ta fito da shi ba, ka cike takardar a tsanake: ainihin sunan mai gida kamar yadda yake a rajista, bayanin filin, wanda ya ɗauke ka, da adadin da kake bi bayan cire abin da aka ba ka. Kada haushi ya sa ka ƙara ko dala ɗaya, domin wanda ya kumbura adadi da gangan zai iya rasa liyen ɗin gaba ɗaya. Ka aika wa mai gida kwafi, ka haɗa shaidar aikawar da abin da za ka shigar. Daga ranar rajista kana da wasu kwana 90 ka shigar da ƙara a kotu, in ba haka ba takardar ta mutu. Wannan matakin na lauya ne, kada ka yi shi kai kaɗai. Kuma duk wannan yana tsaye ne a kan lasisi: a Kalifoniya wanda ya yi aikin da ke buƙatar lasisi ba shi da shi, kotu ba ta karɓar masa kuɗinsa, har ma ana iya sa shi ya mayar da abin da aka riga aka biya shi.

Ginin gwamnati daban ne. Makaranta, ofishin gidan waya ko barikin soja ba a manna musu liyen. Abin da ke madadinsa shi ne takardar lamuni: a manyan ayyuka, kafin babban ɗan kwangila ya fara, dole wani kamfani ya tsaya masa cewa in bai biya na ƙasa da shi ba, kamfanin zai biya. A ayyukan gwamnatin tarayya Dokar Miller ta 1935 ce ke tafiyar da wannan. Idan kai tsaye babban ɗan kwangila ya ɗauke ka, ba sai ka ba da sanarwa ba. Idan kuwa wani ƙaramin ɗan kwangilarsa ne ya ɗauke ka, dole ka rubuta wa babban cikin kwana 90 daga ranar ƙarshe da ka yi aiki, ka faɗi adadin kuɗin da sunan wanda ka yi wa aikin, ta hanyar da za a sami shaidar isar da saƙon. Ƙara kuma a kotun tarayya ake shigar da ita, bayan kwana 90 sun cika, kafin shekara ɗaya ta cika. Wanda ya sauka ƙasa da waɗannan hawa biyu dokar ba ta rufe shi ba, don haka kafin ka karɓi aiki ka tambaya a hawa na nawa kake. Kada kuma ka ɗauka komawa gyaran tayil ɗaya da ya fashe zai sabunta maka lissafin kwanakin. Ka ƙirga daga ranar da ka gama ainihin aikin.

Ayyukan jiha da na birni suna da tasu dokar mai kama da wannan, kuma a Kalifoniya ana buƙatar lamunin a aikin da ya haura dala 25,000. A irin waɗannan ayyuka, tun ranar sa hannu nake neman kwafin takardar lamunin, in rubuta sunan kamfanin da lambarta a bangon fayil, kusa da ranar da na fara aiki da ranar da kwana 20 za su cika. In ɗan kwangila ya yi nawa wajen ba ni, sai in nema daga hukumar da ta ba da aikin.