Yadda ake gane tsohuwar giyar Barolo da adana ta

Barolo jar giyar inabi ce daga tuddan Langhe a yankin Piemonte, arewa maso yammacin Italiya, kuma da inabin Nebbiolo kaɗai ake yin ta. Doka ta ce sai ta yi wata 38 kafin a sayar, 18 daga ciki a gangar katako.

Sabuwa bauri gare ta sosai. In ta tsufa, launinta kan koma na jan bulo a gefen kofi, ƙamshin fure da na kwalta su fito.

A kwantar da kwalbar a wuri mai duhu, mai sanyin digiri 12 zuwa 14 na ma'aunin Celsius, don kada toshiyar ta bushe iska ta shiga. Kwana ɗaya kafin buɗewa a tsayar da ita guggubin ya kwanta, sannan a tsiyaye a hankali. Warin jiƙaƙƙen kwali alama ce toshiyar ta ɓata ta.