Kafin Ka Kai Waƙarka Situdiyo

Matasan da ke kawo mini waƙoƙinsu in duba, yawancinsu a waya suke kawowa. Kiɗa ya riga ya hau, murya ta sha gyaran na'ura, mai kiɗa ya karɓi kuɗinsa. Abin da nake fara roƙonsu shi ne su kashe wayar su rera mini da baki. A nan ake gane waƙar da ke tsaye da ƙafarta da wadda kiɗa ke goye da ita. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Zariya, kuma tun ina saurayi nake rubuta waƙa. Abin da zan faɗa maka, ƙanena, ke ma ƙanwata, hanya ce da nake bi da kaina, ita kuma nake ɗora ɗalibaina a kai.

Abin da za ka waƙe yana nan unguwarku. Kusan duk littafin waƙoƙin matasa da na buɗe, kalmomin da ke ciki ba su wuce zuciya, ruhi, hawaye da rabuwa ba. Ban hana waƙar soyayya ba, ita ce ma ta fi ci a kasuwa, amma in kalmominka su ne na mutum ɗari da suka riga ka, mai sauraro ba shi da dalilin riƙe sunanka. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ɗauki karen mota, yaron da ba a yi wa kallo biyu a tasha, ya yi masa waƙar da har yau ake saurare. Zama cikin mutane da lura da halinsu ne suka ba shi wannan.

Don haka ka sami ƙaramin littafi da zai shiga aljihu, ko ka saba da naɗar murya a wayarka. Duk maganar da ta tsaya maka a kunne, ka kama ta nan take: cinikin mai kayan miya da matar da kuɗinta bai kai ba, ƙorafin direban adaidaita sahu a layin mai, kirarin da tsohuwa ke yi wa jikanta, waƙar gaɗa a dandali, ta tashe cikin azumi. Ka rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ka gyara mata Hausa. Gyaran nan shi ke kashe ta. In kana da kaka a raye, ka zauna kusa da ita lokacin da take aiki, ka roƙe ta ta rera maka waƙoƙin daka da na niƙa da ta sani. Da yawansu ba a rubuce suke ko'ina ba, kuma a cikinsu akwai karin da babu shi a kwamfutar kowane mai kiɗa.

In abu ya taru, ka tambayi kanka: waƙar nan a kan me take? Ka amsa da numfashi ɗaya. In sai ka yi dogon bayani, jigon bai nuna ba tukuna, ka dakata. Makaɗan baka da gindin waƙa suke farawa, wato layin da 'yan amshi za su riƙa komawa gare shi, sannan ɗiyan waƙar su biyo baya. Kai ma ka nemi naka gindin kafin komai.

Yanzu ga inda na fi so ka ba ni hankalinka, wato kari, ma'aunin da layukan waƙa ke tafiya a kansa.

Gaɓar Hausa iri biyu ce wajen awo, mai nauyi da marar nauyi. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "gi" a cikin gida. Mai nauyi ita ce wadda ke da dogon wasali ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe, kamar "da" ɗin gida, ko "mai", ko "han" a cikin hanya. Matsalar ita ce rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. Ido zai ce maka layuka biyu daidai suke tunda gaɓoɓinsu goma sha ɗaya-ɗaya ne, kunne kuwa ya ce sam. Kunne ne mai gaskiya. Shi ya sa nake cewa a rera kafin a rubuta.

Ga baitoci biyu da na yi wa ɗalibaina a wata bazara da ruwan famfo ya ɗauke mana:

Ruwa ya yi tsada a bakin gida,
Uwa na ta duban gabas tun jiya.

Da tulu da randa suna nan wayam,
Kuɗin mai ruwa sun fi ƙarfin miya.

Ka rera su kana buga cinyarka. Za ka ji marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, haka har sau uku, sannan marar nauyi da mai nauyi su rufe layin. Malaman aruli, wato ilimin awon waƙa, suna kiran wannan Mutaƙarab, suna auna shi da fa'ulun fa'ulun fa'ulun fa'ul. To, cire "a bakin gida" ka sa "a cikin gida". Yawan gaɓoɓi bai canja ba, ma'ana ma ba ta yi nisa ba, amma harshenka zai yi tuntuɓe, domin "ba" ta bakin doguwa ce, "ci" ta cikin kuwa gajera. Wannan tuntuɓen shi ne karaya. A situdiyo ana ɓoye shi da jan murya ko haɗiye gaɓa, amma ranar da aka miƙa maka makirufo a gidan biki babu mai ɓoye maka.

Ka lura kuma da abin da baitocin suka ƙi faɗa. Ban ce talauci ba, ban ce wahala ba. Na ce uwa na duban gabas, domin duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san daga can hadari ke tasowa. Ka nuna wa mutum randar, shi zai ji ƙishin da kansa.

Ba dole ne ka haddace sunayen karuruwan Larabci kafin ka yi waƙa ba, ko da yake sanin Mutaƙarab da Mutadarak da Kamil da Ramal zai taimake ka ƙwarai, don su ne suka fi yawo a rubutattun waƙoƙinmu. Hanya mafi sauƙi ita ce aron kari. Ka ɗauki karin da ya zauna maka a kai, na ƙasidar da kuka yi a Islamiyya ko na waƙar gaɗa, ka yi ta gunguninsa ba kalmomi har ya zama jiki, sannan ka zuba naka zancen. Aliyu Namangi na nan Zariya, wanda makaho ne, a kan karin kiɗan caji ya ɗora waƙarsa Imfiraji, ya mai da muryar dandali ta wa'azi. Aron kari gado ne. Ɗaukar baitin wani ko amshinsa ka ce naka ne, wannan sata ce, kuma masu sauraro na ganewa.

Amsa-amo kuma, wato harafin da layuka ke ƙarewa da shi, ka zaɓe shi da lissafi. Kafin ka ɗaura wa kanka harafi, ɗauki takarda ka jera kalmomin da ke ƙarewa da shi waɗanda suka shafi jigonka. In ba su kai ashirin ba, sake wani. "Wa" da "ya" da "na" da "ra" suna da yalwa, akwai kuwa haruffan da kafin baiti na biyar za su sa ka fara murɗe kalmomi ko jawo Larabcin da kai ma ba ka san ma'anarsa ba. Idan na ga layin da ba abin da ya kawo shi sai neman harafi, jan biro nake sa masa, ko da daɗinsa. Mai koyo ya fara da ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, inda layi na biyu na kowane baiti ke ɗauke da babban amsa-amo. In hannu ya faɗa, a shiga ƙwar biyar: layuka huɗu na farko su yi ƙaramin amsa-amo nasu, na biyar ya koma ga babban da ya ratsa waƙar duka.

Akwai wani horo da nake ba ɗalibai wanda ban ga kamarsa ba, shi ne tahamisi. Ka karɓi baitin abokinka mai layi biyu, ka ɗora layuka uku a samansa da karinsa da harafin layinsa na farko, ya zama biyar, ba tare da an ga ɗinki ba. Tsohuwar sana'a ce. Waƙar Tabban Haƙiƙa, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Wanda ya iya shiga cikin karin wani ya fita lafiya, nasa ba zai gagare shi ba. Ku sami junanku ku uku ko huɗu, ku riƙa musayar baitoci duk mako, ku kuma yarda ku gaya wa juna gaskiya.

Mabuɗi da sunan Allah da salati al'adarmu ce mai kyau, baiti ɗaya ko biyu sun wadatar. Jerin gaishe-gaishen abokai da iyayen gida a ƙarshe kuwa, ka rage shi iya iyawarka.

Waƙa ta kammalu a takarda, sai ka ajiye ta 'yan kwanaki kada ka duba. Da ka dawo, ka rera ta daga farko har ƙarshe ba kiɗa, ka naɗa a waya, ka saurara kamar ta wani ce. Duk inda ka ja numfashi a tsakiyar kalma, ko ka yi sauri don ka cim ma kari, ka yi alama. Daga nan ka kai ta gaban mutane iri biyu. Na farko dattijo ko dattijuwa mai Hausa a baki, wanda zai ce maka "ba a faɗin haka." Na biyu yaro ɗan firamare. Rera masa amshin sau biyu ka tafi harkarka. In da yamma ka ji yana yi shi kaɗai, amshin ya kama. Waƙoƙin Nana Asma'u, jajis ɗinta, wato matan da ta horar don koyarwa, a ka suka riƙa ɗaukar su zuwa ƙauyuka suna koya wa mata, kuma abin da aka gina don a haddace dole ya zauna a baki. Ina so taka ma ta zama haka.

Wata magana da ba na so in tsallake: habaici da zambo. Jini na tafasa, wani ya ɓata maka, baiti ya zo da zafinsa, kuma irin wannan baitin ya fi kowane saurin zuwa. Rubuta shi, amma kada ka naɗa a ranar. Abin da ya shiga TikTok ba ya dawowa, kuma wanda ka yi wa yana da 'ya'ya da za su ji. Haka waƙar siyasa, ka tambayi kanka ko za ka iya rera ta bayan shekara huɗu ba ka sunkuyar da kai ba.

Sai yanzu maganar situdiyo ta taso. Ka je da waƙarka a ka, takarda ta zama ta tuni kawai. Ka fara rera wa mai kiɗa da baki, shi ya gina kiɗan a kan karinka. Da yawa za su buɗe maka kiɗan da ke ajiye a kwamfuta su ce ka hau, don ya fi musu sauƙi. In ka yarda, za ka koma yanke kalmominka don su shiga awon da ba nasu ba, duk wahalar da ka sha a kan gaɓoɓi ta tafi a banza. Ka yi masa magana da ladabi, sana'arsa ce kuma ya fi ka sanin na'urarsa, amma ka tsaya a kan wannan. In waƙar na son kalangu ko kotso ko gurmi, ka tambaya ko za a samu mai kaɗawa ya zo a naɗa da hannu. Kuɗin zai ƙaru kaɗan, sautin kuwa fiyano ba ya ba da irinsa. Gyaran murya na na'ura a sa shi daidai misali, yadda mahaifiyarka za ta ji ta ce wannan ɗana ne. Kuma a sassauta kiɗa a inda magana take da nauyi, don Bahaushe kalma yake bi a waƙa.

Kafin a taɓa maɓalli, ku gama maganar kuɗi da ta mallaka. Nawa ne aikin, sau nawa za a gyara in ba ka gamsu ba, kiɗan naka ne kai kaɗai ko zai iya sayar wa wani, nawa ne haƙƙin 'yan amshi da wadda ta hau waƙar tare da kai. Na ga abota ta shekaru ta watse a kan waƙar da ta yi kasuwa a YouTube ba a yi wannan magana ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, tana kare aikinka da zarar ya shiga rubutu ko naɗi, amma in rigima ta tashi hujja za a nema. Saboda haka ka adana takardar farko da kwanan wata a kanta, da naɗin nan na baki da ka yi a waya. In a Kano za ka fitar da ita, ka je Hukumar Tace Fina-finai ka tambayi ƙa'idar rajistar mawaƙa tun da wuri. Ranar karɓar aiki kuma ka tafi da filashi, ka ce a zuba maka abu uku: waƙar da aka haɗa, kiɗan shi kaɗai, da muryarka ita kaɗai. Yarjejeniyar ku rubuta ta ko a takardar littafin makaranta ce, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa.