Yadda Nake Kai Inna Asibiti Tunda Aka Fara Mata Kemo

Tunda aka fara yi wa Inna allurar kemo saboda sankarar mama, zuwa asibiti daga unguwar Agege a Legas ya zama abin da nake wa shiri tun dare. Maganin yana yaƙar cutar, amma yana rage fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura. Murar da ni zan kora da shayin citta, ita sai ta kwantar da ita. 

Takunkumin da nake saya mata a kemis shi ne N95, in babu, KN95. Shuɗin nan na likitoci ya fi babu, sai dai iska na kurɗawa ta gefen kumatu. Ta wanke hannu, ta ɗora shi daga karan hanci zuwa ƙasan haɓa, ta danne ɗan ƙarfen hancin da yatsun hannu biyu, sannan ta fesar da numfashi. In tabarau ɗinta ya yi hazo, bai zauna ba, sai a gyara. Takunkumi ake fara sawa kafin hijabi, kuma niƙabi ba ya tsaya masa. Masu gemu irina su sani, gashi yana hana shi mannewa da fata.

Zafin Legas kuwa ba ya barin takunkumi ya wuni. Da ya jiƙe da gumi aikinsa ya ragu, shi ya sa nake tafiya da uku. Ta igiya ake cire shi, ba a taɓa gabansa.

Danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, mun haƙura da shi. Tasi nake ɗauka bayan sallar asuba, kafin gosulo, gilashi a sauke.

Inda na fi jin tsoro shi ne wurin jira. Ba ka san mai tarin da ke kusa da kai ba, ga tarin fuka a iska yake yaɗuwa. Ni ke bin layin kati, ita tana baranda inda iska ke kaɗawa, sai an kira sunanta. Nan ne kuma take son sauke takunkumin don ta gaisa da mutane.

"Ɗan nan, sai ka ce ina ƙyamarsu."

"Inna, ki gafarce ni, gaisuwar baki ta isa. Ki ɗora hannu a ƙirji."

Ruwa da abinci sai a waje, bayan ta goge hannu da sanitaiza mai sinadarin alkohol aƙalla kashi 60. In da famfo, sabulu na daƙiƙa 20.

In mun dawo gida, ma'aunin zafi na nan kusa da matashinta. Da zafin jikinta ya kai digiri 38 na Salshiyas, ba na ba ta farasitamol, don yana ɓoye zazzaɓi. Likitanta nake bugawa, mu koma, ko da ƙarfe biyun dare ne.