Yadda Za Ka Taimaka wa Ƙwayoyin da Ke Ɗinke Karayar Ƙashi

Aikina kula da masu karaya ne, kuma kusan kowa tambayarsa ɗaya: "Me zan yi ya warke da wuri?" Kafin in amsa, nakan fara gaya masa masu aikin. Filasta da ƙarfen da likita ya sa riƙe ƙashin suke yi. Masu ɗinkin wasu ƙwayoyin halitta ne da ba su riga sun kama sana'a ba, ana ce musu ƙwayoyin tushe. Mafi yawan waɗanda ke gyaran karaya suna kwance ne a ƙarƙashin siririn tantanin da ya lulluɓe ƙashi, wasu kuma a cikin ɓargo. Tun a shekarun 1740 wani Bafaranshe mai suna Duhamel ya nuna cewa tantanin nan yana haifar da sabon ƙashi. A jikin yara ya fi kauri, yana daga cikin dalilan da karayarsu ke saurin haɗewa.

Da farko, ka bar wurin ya zauna lafiya. Jinin da ya taru ya daskare tsakanin guntayen ƙashin shi ne ke kiran ƙwayoyin nan su farka su hayayyafa. Kada a murza, kada a matsa don a ga ko ya kama.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙwayar take zaɓar abin da za ta zama. A gefen karaya, inda jini ke gudana sosai kuma babu motsi, kai tsaye take zama mai gina ƙashi. A tsakiya kuwa, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ta fara yin guringuntsi, wanda cikin mako 2 zuwa 3 yake zama gada mai taushi, daga baya jijiyoyin jini su ratsa shi ya rikiɗe ya zama ƙashi. In motsi ya yi yawa, gadar tana tsinkewa ana sake ta, har wurin ya cika da nama mai tauri ya ƙi haɗewa. Saboda haka ranar da zafi ya lafa, kada ka cire filasta da kanka. Amma da zarar likita ya duba hoton ƙashi ya ce ka fara takawa, to ka taka, domin nauyi daidai gwargwado yana ƙarfafa sabon ƙashi.

Sigari kam ka ajiye ta gaba ɗaya. Sinadarin nikotin da ke cikinta yana tsuke jijiyoyin jini, kuma ƙwauri, musamman ƙasansa, dama jininsa kaɗan ne. Mai ciwon suga ya tsare sugansa. Jiki kuma yana buƙatar furotin da kalsiyam da bitamin D.

Magungunan kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna rage kumburin da ke tayar da ƙwayoyin nan a kwanakin farko, don haka kada ka daɗe kana shan su ba tare da sanin likitanka ba.

In yatsunka suka yi sanyi, suka canza launi ko ka daina jin su, ko zafi yana ƙaruwa a cikin filasta duk da magani, ka koma asibiti a take, ko da tsakar dare ne. Naman da jini ya yanke masa yana iya lalacewa cikin 'yan sa'o'i.