Darasi na 9: Tafiyar yini a ƙasa, daga Maradi zuwa Madarumfa

Jama'a wannan darasi namu na yau kan tafiyar ƙasa ne, irin wadda mutum zai fita da asuba ya yini yana takawa cikin karkara. Yanzu kam kabu-kabu ya ɓata mu, ko kasuwa mutum za shi sai ya hau babur, amma har gobe akwai mai zuwa ziyara, akwai mai kora dabba kasuwa, akwai wanda likita ya ce ma ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. Mun ɗauki hanyar Madarumfa ne don kowa ya san ta, kudu da Maradi, kilomita 20 da ɗoriya, ga tabki ga kuma kaburburan waliyyai 99 da mutane ke zuwa ziyara.

Abu na farko shi ne lissafi, kuma tun a gida ake yin shi, shi ya sa ma muka kawo zancen cikin aji. Babban mutum mai lafiya yana cin kamar kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya in hanya mai tauri ce, amma cikin rairayi irin namu kar ka yaudari kanka, ɗauki 4 kawai. To a ce tafiyar kilomita 24 ce, raba 24 gida 4, ka samu awa 6. Ƙara awa 2 na hutu da cin abinci da salla, sun zama 8. Ka fita ƙarfe 6 na safe, ƙarfe 2 na rana kana bakin tabki. In ka tsaya shan shayi da hira har ƙarfe 9 to kai da isa sai ƙarfe 5, kuma duk zafin rana a tsakar kanka zai ƙare. Dawowa a mota ake yi, don haka ka ware kuɗin mota daban ka ƙulle a aljihun ciki, kar ka taɓa su ko ka ga tsire.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan kaka zuwa cikin ɗari, wato Nuwamba zuwa Fabrairu, an kwashe hatsi gonaki sun buɗe, sai dai ƙurar hunturu, ka naɗa rawani ko ƙyalle a hanci. Afrilu da Mayu kuwa zafi na wuce digiri 40, ni ban ba kowa shawarar wannan tafiya ba a lokacin. Da damina ma a yi hattara da Gulbin Maradi, rani ka gan shi yashi zalla kana ratsawa da takalmi, amma in an yi ruwa can sama wajen Katsina sai ya taso ko nan ba a ga hadari ba. Ai ambaliyar 1945 ce ta kori garin Maradi daga fadama ya hau tudu, tsofaffi sun san labarin.

Sai maganar ruwa, nan ne mutane ke wasa da rayuwarsu. Ka ɗauki aƙalla lita 3, ka naɗe bidon ɗin da jiƙaƙƙen tsumma ko buhu don ya yi sanyi, ka riƙa kurɓa kaɗan kaɗan tun kafin ƙishirwa ta kama ka, in ka iso gari mai famfo ka sake cikawa. Duba fitsarinka: in ya yi ja kuma ɗan kaɗan, jikinka na neman ruwa. In wani cikinku ya fara jiri, ciwon kai, ƙafa na ɗaurewa, a kai shi inuwa a kwance ma kaya a yayyafa ma ruwa, a haɗa ma ruwan gishiri da suga: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ku rubuta wannan awon a littafinku yanzu. In kuwa ya fara sambatu ko ya suma, ba maganar jira, a nemi amalanke ko babur sai gidan likita mafi kusa. Guzuri mai sauƙi ya isa, fura, dabino, ƙuli-ƙuli, ɗan soyayyar gyaɗa. Tuwo mai nauyi da tsakar rana barci kawai zai sa ka.

Takalmi kuma tsohon da ƙafarka ta saba da shi za ka sa, sabo sai ya yi maka bororo tun ba ka kai Jiratawa ba, garin da ke kan hanyar. Silifas ba ya kare ka daga ƙayar aduwa da tsidau, ƙarangiya kuwa sai ta cika maka ƙafar wando kana tafe tana sosa ka. Da ka ji wuri ya fara zafi a dunduniya tsaya nan take, cire takalmi, kakkaɓe yashi, manna filasta. Minti 5 ɗin nan sun fi maka ɗingishin awa 3. Ka riƙe sanda, kar ka cusa hannu cikin rami ko tarin kara. In maciji ya sari mutum ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, a hana shi takawa a ɗauke shi zuwa likita.

A Jiratawa za ka ga lambunan noman rani, zogale da albasa kore shar, wuri ne mai kyau na hutun farko. Daga nan ka bi turba ko burtali, kar ka keta gonar mutane in akwai amfani ciki, in ka iske mai gona ka yi sallama ka ce sannu da aiki baba, hanyar Madarumfa fa? Zai nuna maka wadda ta fi kusa. In ka isa tabki kar gajiya ta sa ka faɗa ciki wanka, ruwan kwance na kawo tsargiya.

Tsaro kuma kowa ya san halin da ake ciki a ƙauyukan da ke kusa da iyakar Najeriya da dajin Baban Rafi. Kar a tafi mutum ɗaya, ku zama uku ko huɗu, ku tambayi labarin hanya kwana ɗaya kafin tafiya, katin ɗan ƙasa a aljihu, salula cike da caji, a faɗa wa na gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa, kuma magariba ta iske kowa a gidansa.

Aikin gida: Tibiri na da kamar kilomita 12 daga Maradi. Awa nawa za ka yi zuwa, awa nawa zuwa da dawowa? In ka fita ƙarfe 6 ka huta awa 2 a can, ƙarfe nawa za ka shigo gida? Rubuta amsar da lambobi, sannan ka rubuta sunayen garuruwa uku da ka taɓa zuwa a ƙasa, ka kawo ma malam ranar aji mai zuwa.