Yadda ake koyon taifin da tsohuwar manhajar Mavis Beacon

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar koyon kwamfuta shekarun baya ya san Mavis Beacon. Kamfanin The Software Toolworks na Amurka ne ya fitar da ita a 1987, zamanin kwamfutocin Commodore 64 da Apple II da masu DOS, tsohon tsarin da ake amfani da shi kafin Windows. Ita Mavis ɗin ma babu ta a duniya. Suna ne aka ƙirƙira, aka ɗora hoton wata mata 'yar asalin Haiti a jikin kwali. Har gobe ita nake ɗora yara a kai, don ba ta shan data, ba ta kawo talla, kuma tsohuwar laftof ɗin da aka yasar a lungu ta ishe ta.

Idan ta DOS ka samu, sabuwar Windows ba za ta buɗe ta kai tsaye ba, sai ka sauke DOSBox, wata manhaja mai buɗe tsofaffin manhajojin DOS. Kyauta ce, kar wani ya karɓi kuɗinka. Ka buɗe folda a C, wato babban ma'ajin kwamfutarka, mai gajeren suna, kada ya wuce harafi takwas, misali TSOHO, ka zuba fayilolin a ciki. A baƙin allon DOSBox ka rubuta mount c c:\tsoho, sai c:, sai dir, ka nemo fayil mai ƙarewa da EXE ka rubuta sunansa. In komai yana gudu kamar an biyo shi, Ctrl da F11 na rage saurin. Alt da Enter na cika allo.

Wannan duk wasa ne. Inda ake faɗuwa shi ne layin tsakiya na kibod. Yatsun hagu a kan A S D F, na dama a kan J K L da maɓallin da ke gefen L, babban yatsa na jiran dogon maɓallin tazara. Shafa F da J, za ka ji ɗan tudu. An yi shi ne domin manuninka ya gane gida ba tare da ido ya sauka ba. Kowane yatsa ya je ya buga harafinsa, ya dawo mazauninsa.

Matsalar ita ce manhajar ba ta ganin idonka. Ko da yatsa biyu kake tsattsagar kibod kamar kaza, in harafin ya fito daidai, za ta yaba maka. Haka ta faru da ni. Na tsallake darasin farko na faɗa wasan tseren motar da ke cikin manhajar, wanda kuskure ke sa ƙwaro ya fashe a gilashi, ina leƙen hannuna ina jin daɗin maki. Saurina ya zo ya tsaya cak, sai da na koma farko kamar ban taɓa koya ba, kuma warware mugun sabo ya fi koyon sabon abu wuya. Shi ya sa a wurina doka ce: a rufe hannu da ɗankwali ko tawul, mako biyu cur, babu tseren mota. Ƙaramin yatsa zai yi ta ciwo a kan A, zai yi gardama, kar ka bar na kusa da shi ya karɓe masa aiki. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar.

Kada lambar sauri ta ɗauke maka hankali tukuna. Harafi biyar ake lissafawa kalma ɗaya, kuma kuskure na cinye makin. Sai ka daina yawan danna maɓallin gogewa sannan ka hau layin sama, ka sauko na ƙasa, lambobi su zo daga baya. Babban baƙi kuwa, da Shift na ɗaya hannun ake yin sa.

Ba ta koyar da Hausa, babu ɓ, ɗ, ƙ a cikinta. Idan hannu ya zauna, ka sa kibod ɗin Hausa a Windows, ka ɗauko jaridar Hausa ka riƙa kwafe shafi ɗaya kowace rana.