Yadda zaka buga Hollow Knight baka rotsa hannun gem da bango ba

Sau biyu ina goge gem ɗin nan daga kwamfutata saboda haushi, a karo na uku ne na zauna na gama shi, to shi yasa nake ganin ina da bakin magana. Hollow Knight dai wasu 'yan tsirarun mutane ne suka haɗa shi a garin Adelaide na Ostireliya, sunan kamfanin nasu Team Cherry, Ari Gibson da William Pellen su ne ƙashin bayan aikin, kuɗin farawa ma a shafin tara gudummawa na Kickstarter suka tara a 2014, gem ɗin ya fito a kwamfuta a Fabrairun 2017 daga baya ya shiga Switch da PS4 da Xbox One. Babu shi a waya a hukumance, duk wanda ya turo maka wani fayil yace na Android ne to ba daga hannun masu shi ya fito ba, ka yi hattara.

Kai ɗan ƙaramin ƙwaro ne riƙe da ƙusa a madadin takobi, aka sake ka a wata rusasshiyar masarautar ƙwari ta ƙarƙashin ƙasa mai suna Hallownest, babu kibiya mai nuna maka hanya babu mai ce maka bi nan. Irin wannan tsarin ya samo asali tun Metroid na Nintendo a 1986 da Castlevania: Symphony of the Night na Konami wanda ya fito a 1997, sai kuma suka ɗebo ɗabi'ar Dark Souls ta 2011 ta cewa in ka mutu kuɗinka na zube a inda ka faɗi.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne wahalar gem ɗin nan iri biyu ce. Akwai wadda take koya maka wasa, ita wannan ka rungume ta hannu bibbiyu. Akwai kuma wadda lokacinka kawai take ci bata ƙara maka komai, ita kuma dabarar zagaye ta zaka koya, kuma kada kunya ta kama ka.

Mu fara da taswira don a nan yawancin mutane suke tuba. Idan ka shiga sabon yanki baka da taswirarsa sam, sai ka nemo wani ƙwaro mai suna Cornifer ka saya a hannunsa, kuma yadda zaka gane yana kusa shi ne zaka ga takardu a warwatse a ƙasa sannan ka ji yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, don haka kar ka buga gem ɗin nan a kashe da sauti, in akwai iyafis ka saka. Ta yankin farko, Forgotten Crossroads, geo 30 ce kacal, geo shi ne kuɗin gem ɗin. To ko ka saya ma rabi da rabi ce, kuma bata nuna inda kake tsaye. Sai ka hau sama garin Dirtmouth shagon matarsa Iselda ka sayi alƙalami a geo 120 da kamfas a geo 220. Waɗannan biyun su ne sayayyarka ta farko, kar ka bari wani abu ya ruɗe ka. Alƙalamin ma baya zana inda ka bi sai ka zauna a benci.

Ni a ganina rabin wannan tsarin hikima ce rabi kuma neman magana. Hikimar ita ce yana tilasta maka ka kalli wurin da idonka, ka riƙe cewa akwai wata ƙofa a hagu bayan mutum-mutumin nan, akwai wani bango da ya fi ƙarfin tsallenka, har ta kai bayan awa goma ka san Hallownest kamar yadda ka san lungunan unguwarku. Neman maganar kuwa kamfas ɗin ne, don laya ce, irin abubuwan da kake ɗaurawa su ƙara maka ƙarfi, kuma tana cin gurbi ɗaya cikin gurabe uku kacal da kake farawa da su, wato sanin inda kake tsaye ma sai ka biya shi da ƙarfin faɗa. Wasu gwanaye zasu ce maka cire shi ai na yara ne. Rabu da su malam, ka bar shi a jikinka har sai ka zo bakin ƙofar bos, wato babban abokin gaba, ka zauna a benci ka musanya, ka gama ka mayar.

Bencin nan shi ne komai naka. A nan ake sebin, a nan rai yake cika, a nan kaɗai ake canza layu, kuma nan zaka farfaɗo in an kashe ka. Duk bencin da ka gani ka zauna ko da ranka a cike yake, musamman mu da ake iya ɗauke wuta ana tsaka da abu, na taɓa yin wajen minti arba'in ina yawo ban zauna ba fanka ta tsaya cak, ban ma iya yin magana ba ranar. Wasu bencinan sai ka saka kuɗi suke buɗewa, ka biya kawai, tashoshin Stag ma haka, wannan ƙaton buzuzun da yake ɗaukarka daga yanki zuwa yanki, duk tashar da ka tarar ka buɗe ta ko da zata cinye aljihunka.

Sai faɗa, wanda a nan ne gem ɗin ya ciri tuta gaskiya. Kana farawa da rai biyar. Babu kwalbar magani da zaka sha, abin da ake ciki shi ne duk saran da ka kai wa abokin gaba yana tara maka wani farin ruwa da suke kira Soul, sara uku ya isa ka danne maɓalli ka tsaya cak ka mayar da rai ɗaya, kuma da wannan ruwan dai ake yin tsafin harbi. Ka ga kenan matsoraci baya warkewa, dole sai ka matsa ka kai sara kafin ka samu abin jinya, sannan jinyar tana buƙatar ka tsaya wuri ɗaya babu motsi alhali abu na neman kanka. Wallahi wannan ƙaramin lissafin shi ne ya riƙe gem ɗin gaba ɗaya, kowane daƙiƙa kana tambayar kanka in warke ne ko in harba ko in gudu.

Yadda nake yi da kowane sabon bos, karon farko da na biyu bana shiga da niyyar cinsa. Kallo nake zuwa yi. Ina tsalle ina kaucewa ina ƙirga salon harinsa, yawanci basu wuce uku zuwa biyar ba, kuma kowanne akwai alamar da yake bayarwa kafin ya sake shi, ko ya ja baya ko ya yi ƙara ko ya ɗaga makami. Hornet da zaka haɗu da ita a Greenpath ita ce malamar farko ta gaske, tana ihu kafin ta kawo hari, in ta jefo allurarta ka tsallake, in ta sha sara da yawa ta durƙusa tana haki to lokacin jinyarka kenan ba lokacin ƙara mata ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, saran nan na uku da kake cewa bari in ƙara ɗaya shi ne yake kashe ka kusan kullum. Biyu ka ja baya.

Kuma tun da wuri ka koyi sara ƙasa kana sama. In ka yi tsalle ka danna ƙasa ka sara kan ƙwaro ko kan ƙaya, ƙusar tana cilla ka sama, zaka iya ta maimaitawa kamar ƙwallon roba. Gem ɗin baya zaunar da kai ya koya maka wannan, kuma laifinsu ne, don akwai wuraren da ba zaka kai ba sai da shi. Ka samu wani wuri mai ƙaya kusa da benci ka yi ta gwadawa minti goma.

Idan kana son ganin wahala mai kyau a cikakkiyar siffarta to Mantis Lords ne, sarakunan ƙoƙi-ƙoƙi uku a ƙasan Fungal Wastes. Ɗaya ce zata fara sauko maka, in ka ci ta sai biyun su sauko tare, suna da sauri kamar walƙiya amma babu ha'inci ko ɗaya a faɗan, duk dukan da ka sha ka san kuskurenka ne, kuma in ka yi nasara sai su miƙe su rusuna maka, daga ranar mutanen ƙauyensu ma sun daina taɓa ka. Na mutu a wurin ya fi sau goma sha biyar ban ji haushi ba ko sau ɗaya.

To ga inda nake jin haushin. In aka kashe ka, duk geo ɗinka yana wurin wata baƙar inuwarka da take tsaye a inda ka mutu, tulun Soul ɗinka kuma ya tsage baya cika sai kashi biyu cikin uku, sai ka koma ka kashe inuwar kafin komai ya dawo, in ka sake mutuwa a hanya kuwa kuɗin sun tafi har abada. A farkon wasa wannan yana sa zuciya bugawa kuma yana da daɗinsa. Matsalar ita ce yana karo da ainihin abin da gem ɗin yake so ka yi, wato yawo. An ce maka duniya a buɗe take in wuri ya gagare ka juya ka bi wani, amma kuma an ɗaure kuɗinka a ɗakin bos ɗin da ya gagare ka, to ina juyawar take? Maganin abu uku ne. Ka kashe kuɗinka kafin ka shiga wurin da baka sani ba, aljihu wayam baya tsoron ɓarawo. In ka ga rai saura ɗaya kuma ka yi nisa, ka fita zuwa menu ka dawo, zaka tsinci kanka a bencin ƙarshe da kuɗinka cif, wasu suna kiran wannan maguɗi ni kuwa ko a jikina. Sannan akwai Confessor Jiji a ƙarshen Dirtmouth ta dama, sai da wani mabuɗi mai suna Simple Key ake buɗe ƙofar, ka bada ruɓaɓɓen ƙwai a kira maka inuwarka har ɗakin. Af, akwai wata mai banki kusa da Queen's Station mai suna Millibelle, ba zan ɓata maka labari ba amma dai kar ka zuba mata dukiyarka duka.

Abu na biyu mai cin rai shi ne nisan benci da wasu bos. Soul Master a can Soul Sanctum misali, kafin ka koma wurinsa sai ka ratsa ɗakunan matsafan nan masu ɓacewa su ɓullo ta bayanka, ka isa da rai uku, ya gama da kai cikin daƙiƙa talatin, ka sake tafiyar. Wannan tafiyar bata koya maka komai bayan karo na biyu. Kar ka tsaya faɗa da kowa a hanya, ka haddace ta ka wuce da gudu. FromSoftware masu Dark Souls da kansu sun gane haka, shi yasa a Elden Ring na 2022 suka saka gumakan Marika kusa da bos da yawa don ka farfaɗo a nan. Team Cherry kuwa ko a Silksong, ci gaban Hollow Knight da ya fito 4 ga Satumba 2025 basu saki wannan ɗabi'ar ba, ƙorafin da aka yi ta yi kenan.

In ka rasa inda zaka nufa, kuma zaka rasa, buɗe taswira ka nemi inda zanen ɗaki ya yanke bai rufe ba, sannan ka tambayi kanka wane sabon abu na samu kwanan nan. Mayafin Mothwing da kake samu bayan Hornet yana baka zabura gaba, faratan Mantis suna baka hawa bango, Crystal Heart yana harba ka tsallaken rami mai faɗi, fukafukan Monarch tsalle biyu, Isma's Tear kuma iyo a ruwan asid. Kowanne ka samu akwai wurare uku ko huɗu a baya da suke jiranka. Wurin da yayi duhu ƙirin kar ka kutsa, ka tara geo 1800 ka sayi fitila a shagon Sly a Dirtmouth. Ka leƙa wurin maƙerin da ke City of Tears da geo 250 ya wasa maka ƙusa, mutane da yawa suna wuce shi su yi ta fama da tsohuwar ƙusa suna cewa gem ɗin ya cika tsauri. Fog Canyon kuma kar ka wahalar da kanka neman Cornifer da wuri, yana bayan wani baƙin shinge da ba zaka ratsa ba sai can gaba sosai, kuma manyan halittun nan masu yawo a iska kamar lema kar ka sare su, cikinsu bam ne, rai biyu yake ɗauka.

Game da leƙa intanet, ni ƙa'idata ita ce in na yi minti talatin ina zagaye wuri ɗaya babu sabon ɗaki, sai in duba abu ɗaya tak, sunan yankin da ya kamata in nufa, in rufe. Bidiyon bos kuwa bana kallo sai na mutu sau goma. Deepnest ne kaɗai na karya wannan ƙa'idar, ramin gizo-gizo ne mai duhu da ƙarar ƙafafu ta ko'ina, na faɗa ciki bisa tsautsayi da geo sama da dubu a jikina ba fitila, ƙarfe ɗaya na dare, sai da na tashi na kunna ƙwan ɗaki tukuna na ci gaba.